Tabarauna da Birkin Motar Auta

Laraba, da hantsi

Malamarmu ta ajin manya ta ce in damuwa ta cika wa mutum ciki ya zuba ta a takarda, ko da ba wanda zai karanta. Da furfura a kaina na koyi rubutun nan. Na ɗauka sunayen jikokina zan riƙa rubutawa da shi.

Auta yana asibiti tun shekaranjiya. Ƙafarsa ta dama ta karye, haƙarƙarinsa ma ya taɓu. Tirelar da yake tuƙa wa kamfani ce ta ƙwace masa a dogon gangaren da ke hanyar fita gari, tana ɗauke da siminti. Ta je ta afka wa rumfar mai facin taya a gindin gangaren. Mai facin yana ciki. Ba zan iya rubuta sauran ba.

Auta yana da rai. Na rubuta ne don in gani da idona. Auta yana da rai.

Laraba, da yamma

Sun sa masa ankwa, sun haɗa hannunsa na hagu da ƙarfen gado. Mutumin da ko juyawa ba ya yi sai nas ta taimaka masa, ina zai gudu? Ga ɗan sanda zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofa.

Da ya ga ina kallon ankwar sai ya ce, "Inna, kin ga girma? Hukuma ta ba ni mai gadi. Ke da kike cewa ba zan zama kowa ba."

Ɗan sandan ya yi dariya. Ni na kasa.

Yaya ya zo amma bai shiga ɗakin ba. Shi ne babban ɗana, kowa a gidan nan Yaya yake ce masa, har ni da na haife shi. Bakanike ne a garejin kamfanin, shi ya samo wa Auta aikin tuƙin. Ya tsaya a baranda ya ce warin magani yana juya masa kai. Mutumin da ya girma cikin warin baƙin mai.

Alhamis, da rana

Manajan kamfanin ya zo da lemo da madara cike da leda. Mutum ne mai jiki, mai taushin murya. Ya rusuna ya gaishe ni.

Ya ce, "Mama, ƙaddara ce, ba wanda ya isa ya hana ta. Yaron nan namu ne, asibitinsa a kanmu yake. Abin da muke so kawai ya faɗi gaskiya, cewa barci ne ya ɗauke shi. Direba mutum ne, kowa yana gajiya."

Na yi ta godiya, na yi ta sa masa albarka. Auta yana kallon sama ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Barci ne."

Sai da na shiga motar haya zan koma gida abin ya faɗo mini. Daren da zai yi tafiyar a gidana ya kwana. Da wuri ya miƙe, yana munshari har maƙwabta na ji, sai da rana ta fito na bubbuga masa ƙofa. Gangaren kuwa ba shi da nisa da gari. Wane irin barci ne zai ɗauki mutumin da ya ƙoshi da barci, da hantsi tsaka?

Juma'a, da safe

Ban ci komai ba. Shayin ma a hannuna ya huce.

Juma'a, da yamma

Hannun tabarauna ya sake cirewa a barandar asibiti, na miƙa wa Yaya. Kullum akwai 'yar filaya da guntun wayar ƙarfe a aljihunsa. Yana da irin ɗaurinsa da ba ya canjawa. Yakan naɗa wayar a jere a matse kamar naɗin zare, sannan ya lanƙwasa bakin ya tura shi ciki don kada ya yanki mutum. Mariƙin bokitina haka yake, ƙofar akurki haka, ƙafar kujerar da nake zama haka. Marigayi babansu yakan ce in aka kwance wayoyin Yaya gidan nan zubewa zai yi.

Yau filayar ta suɓuce daga hannunsa, ya ɗauka, ta sake suɓucewa.

Na ce, "Shiga ka ga ƙanenka mana."

Ya ce, "Gobe, Inna."

Asabar, da la'asar

Malama ta zo duba ni. Na ba ta labarin manaja da kirkinsa. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Kuna da lauya?"

Na ce, "Lauya kuma? Mu a gidanmu ba wanda ya taɓa zuwa kotu."

Ta ce, "Ai ba ku za ku je ba, ita ce ta zo muku, ga ta nan zaune a bakin ƙofa a kan kujerar roba. Ki kwana da sanin cewa kamfanin nan suna da nasu lauyan tun ranar da motar ta faɗi."

Ta ce akwai wata da ta sani, aikinta ke nan, shari'ar haɗarin mota. Za ta raka ni.

Ina jin tsoro. Ina tsoron kada manaja ya ji ya yi fushi ya janye hannunsa daga asibitin. Ina tsoron kome da kome.

Litinin, da rana

Ofishin Lauya yana saman wani shagon magani. Matakalar ta wahalar da gwiwata. Ɗaki ne ƙarami, da fanka mai ƙara da takardu har kan taga. Ita kuwa yarinya ce, ko Auta ya girme ta. Na ce a raina, wannan ce za ta tsaya gaban alƙali?

Sai ta fara tambaya, na daina kallon shekarunta. Yaushe ya kwanta? Yana shan wani abu don hana barci? Ya taɓa yi mini ƙorafin motar? Wa ke yin lodi? Wa ke duba motar kafin ta fita?

Ta ce, "Mama, babbar mota ba ta faɗuwa haka kawai. Wani lokaci direba ne, gajiya ko gudu ko shaye-shaye. Wani lokaci lodi ne ya fi ƙarfinta, ko taya ta suɗe, ko birki ba a gyara ba. Kowanne yana barin alama a jikin motar in ba a riga an goge ba. Yau zan rubuta wa 'yan sanda kada su saki motar sai jami'in duba motoci ya shiga ƙarƙashinta."

Na ce, "To ai shi da bakinsa ya ce barci ne."

Ta ce, "In ya tsaya a kan haka, laifin ya hau kansa shi kaɗai. Tuƙin ganganci da ya ci rai. Gidan yari ne, Mama, na shekaru. Kamfani kuwa su wanke hannunsu su sayi sabuwar mota. Ki gaya masa kada ya sa hannu a kowace takarda sai ina wurin."

Gidan yari. Na daɗe kafin na iya haɗa baƙaƙen nan.

Talata, da yamma

Lauya ta je asibiti. Auta ya gaishe ta, ya yi mata wasa, ya ce in ya san lauyoyi haka suke da tuni ya fara laifi. Amma da ta ce, "Ka taka birki a gangaren?" sai ya juya fuskarsa bango.

Ya ce, "Na gaya musu barci ne. Ku bar ni in huta."

A baranda ta tambaye ni, "Mama, wa yake karewa?"

Na ce wataƙila manaja yake tsoro. Ta girgiza kai ta ce wannan ba shirun tsoro ba ne.

Yaya bai zo ba. Goben nasa ba ta zo ba har yanzu.

Alhamis, da hantsi

Na je gidan mai facin. Malama ta ce ba dole ba ne, Lauya ta ce in je amma kada in yi maganar shari'a. Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya. An kwaso kayan aikinsa an tara a kusurwa, famfon iska da tsohon bahon da yake gwada tayoyi a ciki. Bahon ya lotse.

Na gaya wa matar ko ni wace ce. Na ɗauka za ta kore ni. Ta shimfiɗa mini tabarma.

Can ta ce, "Inna, da gaske barci yake yi? Ba don komai ba. Ina so in san abin da zan gaya wa yaran nan in sun girma."

Na ce, "Ban sani ba, 'yata."

Ƙaramin yana wasa da famfon, yana dannawa yana dariya.

Asabar, da safe

Kamfani sun aika motar janwe ta ɗauke tirelar daga harabar 'yan sanda. Takardar Lauya ta riga su isa, an mai da su. Da na ji sai na ci abinci, karon farko da na ji ɗanɗanonsa.

Talata, da rana

Lauya ta kira ni ofis. Jami'in ya gama duba motar, ta baza hotuna a kan tebur.

Ta ce, "Albishirinki, Mama. Ba barci ba ne. Birkin babbar mota da iska yake aiki. Kin ga wannan tiyon? Shi ke kai iska ga birkin tayoyin baya. Wani wuri ne ke yoyo, maimakon a canja sai aka lanƙwasa tiyon aka ɗaure. Mota za ta tashi lafiya lau, amma tayoyin nan ba su da birki. Ga lodi ya wuce ƙima. A gangare sauran birkin ya yi zafi ya saki."

Na sa tabarau na matso da hoton. Wayar ƙarfe ce, an naɗa ta a jere a matse kamar naɗin zare. An lanƙwasa bakin an tura shi ciki don kada ya yanki mutum.

Ta ci gaba da magana. Ta ce hoto shi kaɗai ba zai isa ba, kamfani za su ce direba ne ya ɗaure da kansa a hanya. Sai an samu wanda zai tsaya ya ce a gareji aka yi, ya kuma faɗi wanda ya sa aka fita da motar a haka.

Na cire tabarauna na tura a ƙasan jaka. Ban san yadda na sauko daga matakalar ba.

Laraba, da safe

Ba tabarau nake rubutu, shi ya sa baƙaƙen suka yi manya. Ban ga komai ba. Bakanike nawa ne a garejin? Da yawa.

Laraba, da yamma

Na ɗebi ruwa da bokiti na kasa kallon mariƙin.

Alhamis, da rana

Manaja ya dawo asibiti, wannan karon ba lemo. Ya zo da takarda. Ya ce ya ji mun ɗauki lauya, bai ji daɗi ba, shi ya ɗauka mu 'yan gida ne. Ya ce mako mai zuwa za a shiga kotu, gara Auta ya sa hannu kowa ya huta.

Na ce Lauya ta hana. Ya ce zai dawo ranar Litinin.

Da ya fita Auta ya ce, "Inna, zan sa hannu. Shekarun nan kamar yau ne. Ni ba mata ba 'ya'ya, wa zai yi kukana ban da ke? Ke kuwa dama kin saba yi mini kuka tun ina rarrafe."

Na ce, "Rufe mini baki, marar kunya."

Ya riƙe hannuna da hannunsa marar ankwa. Bai tambaye ni ina tabarauna ba. Ni ma ban tambaye shi komai ba. Mu biyu mun san abin da ba mu tambaya ba.

Juma'a, da hantsi

Na koma wurin Lauya ni kaɗai. Na ce, "'Yata, tambaya ce kawai. In wanda ya yi ɗaurin nan ya fito, me zai same shi?"

Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Aikinsa ya tafi. 'Yan sanda za su yi masa tambayoyi, mai yiwuwa su tuhume shi, ba zan yi alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Amma wanda ya zo da ƙafarsa ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba, wanda aka sa aiki kuma ba ɗaya yake da wanda ya sa shi ba. Zai bukaci nasa lauyan, don ni ta Auta ce. Akwai wanda zan haɗa shi da shi."

Da na tashi ta ce, "Mama, ki bi matakalar a hankali, na ga yau ma ba tabarau."

Asabar, da safe

Na aika a kira Yaya kafin ya tafi gareji. Ya zauna a bakin ƙofa, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na zuba masa shayi. Na ciro tabarau daga jaka na ajiye a kan tire kusa da kofin.

Na ce, "Na ga irin wannan ɗaurin a hoto."

Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya fara magana a hankali kamar mai zazzaɓi.

"Haka ake yi, Inna. Ba motar da ba ta taɓa fita garejin nan da ɗauri ba. A ɗaure, a je a dawo, sai a gyara. Na nemi a sayo kayan, manaja ya ce in ta dawo. Na ce to kada a cika mata lodi. Na shiga ƙarƙashin wata motar, kafin in fito an yi wa ta Auta lodin da ya fi na kullum. Na ce wa Auta, ka bi gangaren a hankali. Abin da na iya ke nan. A hankali."

Ban ce don me bai hana shi tafiya ba. Na ga ya riga ya tambayi kansa har ya gaji.

Ya ce, "Ni na fara isa wurin, ni na jawo shi. Ya riƙe mini riga ya ce, barci na yi, ka ji ko, Yaya? Kai kana da iyali. Shi ya sa na kasa shiga ɗakin nan. In na kalle shi sai in ga kamar ni na sa masa ankwar."

Ya ce, "Inna, me kike so in yi?"

Na ce, "Ku biyu duk nono ɗaya kuka sha. Ban san abin da zan ce ba."

Ya tafi bai sha shayin ba. Na ce ban sani ba. Na sani. Bakina ne ya ƙi, don in na faɗa ni ce na zaɓi ɗaya.

Lahadi, da yamma

Shiru. Gobe Litinin.

Litinin, da hantsi

Ina zaune kusa da Auta muna jiran manaja da takardarsa sai ƙofa ta buɗe. Yaya ne, sanye da rigarsa ta fita unguwa, Lauya tana bayansa. Daga ofishinta suke. Ya riga ya gaya mata komai, ya ga nasa lauyan, daga nan ofishin 'yan sanda za su wuce.

Auta ya yunƙura har ankwar ta yi ƙara. Ya ce, "Wa ya aike ka? Ban ce ka yi shiru ba? Yaranka fa?"

Yaya ya ce, "Yarana ne suka aiko ni. Babbar ta tambaye ni yaushe Baffa Auta zai dawo, na rasa amsa. Kwanta, kai. Tun yaushe ƙane yake ba wa wa umarni?"

"Tun da wan ya zama shashasha."

"To shashashan ne ya goya ka, ka yi masa fitsari a baya."

Ɗan sandan ya tashi ya koma baranda, ya ce zai sha iska. Yaya ya zauna a bakin gadon ya ɗora goshinsa a kan hannun Auta. Na fita ni ma.

A baranda na haɗu da manaja. Ya hango Lauya ta taga, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. Bai rusuna ba.

Litinin, da magariba

Sun riƙe Yaya tun rana. Na zauna a benci a waje ina ƙirga masu fitowa, ba shi ba, ba shi ba. Ana kiran salla suka sake shi. Za su sake nemansa. Kamfani sun aiko masa da akwatin kayan aikinsa gida.

Alhamis, da la'asar

Kotu. An kawo Auta a keken guragu. Lauya ta tashi, yarinyar nan da na raina, muryarta ta cika ɗakin. Ta miƙa hotuna da rahoton jami'in da bayanin Yaya. Alƙali ya ba da belin Auta, ya ce a kawo masa manaja da mai kula da lodi a zama na gaba.

Ba a gama ba. Lauya ta ce shari'a za ta ja, Auta ma zai amsa tambaya don ya san halin motar ya hau. Yaya ma haka. Amma ta ce kayan da aka so a ɗora wa mutum ɗaya yanzu kowa zai ɗauki nasa. Ta kuma haɗa matar mai facin da wanda zai nema mata hakkinta a wurin kamfani.

Matar tana zaune a bencin baya. Da aka tashi ta zo ta ce, "Na ji, Inna. Ba barci ba ne."

Ɗan sandan da kansa ya buɗe ankwar. Auta ya ce, "To mai gadi, na sallame ka, aiki ya yi kyau."

Asabar, da hantsi

Yaya ya zo da sassafe da 'yar takarda a ƙulle, wata 'yar mitsitsiyar ƙusa ce a ciki da ya sayo wurin mai gyaran tabarau. Ya zauna a bakin ƙofa ya kwance wayar da ke hannun tabarauna, ya ɗaura ƙusar, ya goge gilashin da bakin rigarsa.

Na ce, "Ai wayar ma tana riƙewa."

Ya ce, "Tana riƙewa, Inna, har ranar da za ta saki. Gobe zan zo wa bokitin."

Ba shi da aiki. Ban san abin da alƙali zai ce a kansa ba. Amma ina ganin layin takardar nan sosai, baƙaƙena sun koma daidai.

Auta yana ɗakin ciki, ƙafar a kan matashi, yana munshari har maƙwabta na ji. Rana ta yi sama. Yau ba zan bubbuga ƙofar ba.